Tambaya da Amsa: Ɗan wasa zai iya barin tuwo da fura ya dogara ga maiƙo?

Wasiƙun wannan wata kusan duk wuri guda suka dosa. Tun da bidiyoyin tsarin cin abincin nan da ake kira keto suka cika wayoyin matasa, ƴan wasa a Maradi da kewaye ke ta tambaya ko barin hatsi zai ƙara musu juriya. Mun taƙaita wasu daga cikin wasiƙun, ga amsoshinsu.

Assalamu alaikum malamai. Ina tseren keke, nakan fita hanyar Madarunfa sau huɗu a mako, awa biyu zuwa uku. Nauyina kilo 65. Abokina ya ce in daina cin hatsi da shinkafa gaba ɗaya in koma nama da ƙwai da mai, wai jikina zai koyi ƙona kitse, in daina gajiya. Mene ne gaskiyar maganar?
*Ɗan keke, unguwar Zariya*

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka bai yi ƙarya ba, sai dai bai kai maganar ƙarshe ba.

Keto shi ne mutum ya rage sitaci da sukari, abin da likitoci ke kira kabohaidiret, su koma ƙasa da giram 50 a yini, ya ci furotin daidai gwargwado, sannan kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na ƙarfin abincinsa ya fito daga maiƙo. Ba don ƴan wasa aka tsara shi ba. A 1921 ne wani likita a Amurka, Russell Wilder na asibitin Mayo, ya fito da shi don masu farfaɗiya, kuma har gobe ana sa yaran da farfaɗiyarsu ta ƙi jin magani a kansa. Idan sitaci ya yanke kwana biyu zuwa huɗu, insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jiki, yakan yi ƙasa a jini, kitse ya fara fitowa daga ma'ajiyarsa, hanta ta juya wani sashe nasa zuwa sinadaran da ake kira keton, ƙwaƙwalwa ta karɓe su a madadin sukari.

Jikinka rumbu biyu gare shi. Ƙaramin na sukari ne, wanda jiki ke ɗaurewa ya ajiye da sunan gilaikojin: kamar giram 400 a tsoka, kusan 100 a hanta, jimla wajen kalori 2,000, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke bayarwa. In kana taka keke da ƙarfi, cikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu zai kusa ƙarewa, ka ji ƙafa ta yi nauyi kamar an ɗaura mata dutse. Babban rumbun na kitse ne. Ko siririn mutum mai nauyinka yana ɗauke da kitse kilo 6 ko 7, wato sama da kalori 50,000. To wa zai ga wannan lissafi bai yi kwaɗayin buɗe babban rumbu ba? Kuma yana buɗuwa. A wani bincike da Jeff Volek da abokan aikinsa suka fitar a Amurka a 2016, masu gudun dogon zango da suka daɗe a kan keto sun kai ƙona kitse giram 1.5 a minti ɗaya, takwarorinsu masu cin sitaci kuma giram 0.7. Ninki biyu ke nan har da ɗori. Amma abin da aka auna a can yawan kitsen da ya ƙone ne, ba a sa su tsere an ga wanda ya riga wani ba.

Duk wadda ta saba hura murhu ta san bambancin kara da gungume. Gungume zai kwana yana ci, amma in ana son tukunya ta tafasa yanzu-yanzu, kara ake turawa. Kitse gungume ne. Yana son iska mai yawa kafin ya ba da wuta: lita ɗaya ta iskar oksijin tana fitar da kalori 5 da ɗan ɗori in sukari ta ƙona, amma wajen 4.7 kawai in kitse ne. Lokacin da kake tafiya a hankali kana hira da na kusa da kai, numfashinka yana da rara, ba za ka ji wannan gibi ba. Ranar gasa, a kan tudu, ko a kilomita ta ƙarshe da kowa ya miƙe a kan feda, babu rarar numfashi, kuma nan ne ake cin tsere.

An gwada wannan a fili. Louise Burke da tawagarta a cibiyar wasanni ta ƙasar Ostareliya sun tara manyan ƴan tseren tafiyar sauri, irin waɗanda ke zuwa gasar Olamfik, suka ba su atisaye iri ɗaya na mako uku, abinci ne kawai ya bambanta. Sakamakon ya fito a 2017. Masu cin sitaci sun inganta lokacinsu na kilomita 10 da kashi 6.6 cikin ɗari. Ƴan keto sun ƙware wajen ƙona kitse, amma lokacinsu bai gyaru ba, ya ma ɗan ja baya, domin kowane taku ya koma yana cin iska fiye da da. Da aka yi ta gardama, sai suka maimaita gwajin, aka buga a 2020, sakamakon bai canza ba.

Masu kare keto sukan kafa hujja da binciken Stephen Phinney na 1983. Ƴan keke biyar ne, mako huɗu a kan keto, kuma a matsakaicin lissafi juriyarsu a tafiya mai sauƙi ba ta ragu ba. In ka duba mutum-mutum, sai ka ga ɗaya ne ya ƙaru sosai ya ja lissafin sama, biyu kuma sun ragu. Shi kansa Phinney ya yarda cewa ƙarfin zabura yakan taƙaita.

Wani zai ce, to in yi keto wajen atisaye, jajibirin gasa in cika ciki da shinkafa, in haɗa riba biyu. Wannan ma an gwada. A Afirka ta Kudu a 2006 an ba ƴan keke abinci mai maiƙo kwana shida, a na bakwai aka cika su da sitaci, aka sa su tseren kilomita 100 mai zabura a tsakani. Ƙarfinsu a zaburar kilomita ɗaya-ɗaya ya ragu. Dalili shi ne, idan tsoka ta saba da kitse, ƙofar da sukari ke bi ya shiga wuta takan tsuke, kuma kwana ɗaya ba ya sake buɗe ta. Rumbun a cike yake, ɗibar ce ta yi wuya.

Shawararmu gare ka a fili take: kada ka bar hatsi. Masu gudun Kenya da duniya ke kallo, da aka auna abincinsu a wani bincike na 2004, sama da kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa sitaci da sukari ne, kuma ginshiƙinsa ugali, wato tuwon masara, da shayi mai madara da sukari. Abin da ke cikin kwanonka ke nan. A ranar atisaye mai nauyi ka nemi giram 6 zuwa 8 na sitaci a kan kowane kilo na nauyinka, wato 390 zuwa 520. A hatsi da shinkafa ɗanye, wannan kusan rubu'in tiya ne, a raba shi tsakanin koko da safe, fura da rana, shinkafa da wake, da tuwon dare. Ranar hutu ka sauko zuwa giram 3 zuwa 5 a kilo. Wanda keto zai iya yi wa rana shi ne mai gudun kilomita 100 ko fiye, wanda zai yini yana tafiya a hankali, kuma su ma yawancinsu suna shan sukari a ranar gasa.

Maigidana yana gudun safe, ya ce daga wata mai zuwa keto zai fara, ni kuwa ni ce mai girki. Me zan dafa masa da abin da ake samu a kasuwarmu?
*Uwargida, Ali Ɗan Sofo*

Hajiya, gara da kika tambaya tun kafin a ɗora tukunya, domin yawancin masu cewa suna keto a garin nan ba keto suke yi ba, tuwon dare kawai suka bari.

Ki fara da sanin ƙanƙantar giram 50. Garin hatsi giram 70, abin da bai cika tafin hannu biyu ba, ya cinye kason yini duka. Haka kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa, ko ƙasa da rabin sandar burodi, ko ƙwayar sukari goma a shayi. Kwalbar lemo guda ta kai giram 35. Ke nan tuwo, fura, koko, masa, taliya, ɗanwake, garin rogo, dankali, rake, dabino da mangwaro duk sun fita. Wake ma, duk da furotin ɗinsa, kofi ɗaya dafaffe ya haura giram 30. Mutane da yawa suna zaton aya ta halatta saboda tana da mai, musamman mu da ake nomanta a ƙasarmu, alhali sitacinta da sukarinta sun fi manta yawa. Nono ma da nasa sukarin, kamar giram 12 a kofi.

Abin da ya rage: nama da kitsensa, kifi, ƙwai, awara, cuku, man shanu, man gyaɗa, riɗi, gyaɗa a ƙididdige, da ganye irin su zogale, rama, kabeji, salati, alayyafo da kuɓewa. Kilishi ki tambaya, domin wasu suna sa sukari a cikin labunsa. Albasa babba guda ta kai giram 10, a sa ta da lissafi.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Mai gudu da ke buƙatar kalori 3,000 a yini, in kashi uku cikin huɗu za su fito daga maiƙo, sai ya ci giram 250 na maiƙo kullum. Ki kwatanta: ƙwai 6 suna ba da giram 30, gyaɗa giram 100 tana ba da kusan 50, nama mai kitse giram 300 yana ba da wajen 60, sauran kuma sai cokalin cin abinci 8 na mai, a zuba a kwaɗon zogale, a soya ƙwai, a kwarara a miya. Kullum, ba ranar sallah kaɗai ba. Ki lissafa kuɗin wannan a wata ki gwada da kuɗin tiyar hatsi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a cire tuwo ba a ƙara mai ba. Mutum ya zauna a kan tsire da salati, sitaci babu, maiƙo bai isa ba, yana gudu da yunwa bai sani ba. Bayan mako biyu barci ya lalace, fushi ya yi kusa, tsoka ta fara zubewa. Na biyu kuma taurin bayan gida, saboda dusar hatsi da wake da ke tura ciki sun tafi. Maganinsa ganye a kowane kwano, kuɓewa, da ruwa. In maigida ya dage, ya auna kitsen jininsa, wato kolestarol, kafin ya fara, ya sake aunawa bayan wata uku, domin akwai waɗanda nasu ke tashi sosai a wannan tsari, kuma gudu ba ya hana hakan. Yaran gida kuwa a bar musu tuwonsu.

Yau kwanana takwas da farawa. Na rage kilo biyu, na ji daɗi. Amma kaina na ciwo, in na miƙe jiri ke ɗibata, kuma jiya a filin wasa sharaɓata ta ɗaure har na zauna. In ci gaba?
*Matashi, Tibiri*

Ɗan'uwa, ka dakatar da atisaye mai ƙarfi yau ɗin nan. Kilo biyun da ka gani a sikeli yawancinsa ruwa ne. Kowane giram na gilaikojin yana riƙe da ruwa kamar giram 3, don haka da rumbun sukari ya sauka, ruwan ya bi fitsari. Ranar da ka koma cin tuwo zai dawo cikin kwana biyu. Bayan haka, idan insulin ya yi ƙasa, ƙoda takan saki gishiri, ruwa ya bi gishirin, jini ya ragu a jijiya. Ciwon kan da jirin daga nan suke, kuma zuciya takan ƙara bugu don ta cike gurbin.

Masu bidiyon da kake kallo yawancinsu a ƙasashen sanyi suke. Kai a Maradi kake, inda Afrilu da Mayu zafi ke wuce digiri 40. Mai atisaye a irin wannan rana yana zubar da gumi lita 1 zuwa 2 a awa, kuma kowace lita tana tafiya da gishiri kamar rabin ƙaramin cokali, wani fiye. Ka ga farar shatar da ke fitowa a wuyan riga in ta bushe? Gishirin jikinka ne. Ƙoda na zubarwa, fata na zubarwa, asara ta zama biyu.

In har ka zaɓi ci gaba, ga yadda ake rage wahalar. Ka ƙara gishiri kamar ƙaramin cokali ɗaya a yini a kan na girki, a raba shi, mafi sauƙi a romon ƙashi kofi biyu, ɗaya rabin awa kafin ka fita. Wannan bai shafi mai hawan jini ko ciwon ƙoda ko zuciya ba, shi sai da izinin likita. Ka mayar da atisaye bayan asuba, ka rage ƙarfinsa zuwa inda za ka iya magana kana gudu, har mako uku zuwa huɗu. Ka hau sikeli kafin fita da bayan dawowa: kowane kilo da ya ɓace lita ɗaya ce, ka mayar da lita ɗaya da rabi a hankali cikin awoyin da ke biye. Asarar da ta wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyinka, wato kilo 1.3 ga mai kilo 65, ta isa ta rage maka ƙwazo. Fitsari ya zama ruwan ɗorawa mai haske, in ya yi duhu kamar shayi ruwa bai isa ba. Warin baki mai kama da na maganin goge farce da za ka ji, keton ne ke fita ta numfashi, ba cuta ba ne.

Amma in ka suma, ko amai ya ƙi tsayawa, ko zuciya na tsalle ba tsari, ka sha ruwan sukari da gishiri ka nufi asibiti. Kuma in kana da sikila, ko an taɓa gaya maka kana ɗauke da rabinta, ka bar wannan tsari kwata-kwata. Zafi da gudu da ƙarancin ruwa su ne abubuwan da ke tayar da ita.

Ni ɗan kokowa ne, ƙanena kuma yana tekwando, ana auna su kafin gasa. Keto zai rage mana ƙarfi?
*Ɗan kokowa, Gidan Rumji*

Sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da sa'a. Ƙarfi iri-iri ne. Ɗaga abokin karawa sau ɗaya, aikin daƙiƙa biyar zuwa goma, tsoka tana yin sa da wani ɗan tanadi nata na gaggawa da ba ya jiran sukari ko kitse. Shi ya sa gwaje-gwajen da aka yi kan masu ɗaga ƙarfe suka nuna nauyinsu ya ragu a keto amma abin da suke ɗagawa sau ɗaya bai ragu ba. Sai dai kokowa ba ɗagawa ɗaya ba ce. Riƙo ne, turawa, a saki, a sake kamawa, minti bayan minti, ga rairayi na cin ƙafa. Duk yunƙurin da ya wuce daƙiƙa goma zuwa minti biyu da cikakken ƙarfi, sukari ne ke ɗaukarsa, domin shi kaɗai tsoka ke iya ƙonawa ba tare da jiran iska ba. Kitse ba ya yin wannan ko kaɗan. Wanda ya shiga fili da ƙaramin rumbu a bushe zai yi kyau a kamun farko, in karawa ta yi tsawo hannu ya saki. Ga mai neman ƙara jiki kuma, keto yana kashe sha'awar abinci, tsoka kuwa ba ta ginuwa sai da rarar abinci. Furar da magabatanku suka riƙe tun zamanin su Kantu tana nan da amfaninta. Ka haɗa ta da furotin giram 1.6 zuwa 2 a kowane kilo, daga nono, wake, ƙwai da nama.

Ƙanenka lamarinsa daban ne, tun da tekwando ajin nauyi gare ta. Rage sitaci na kwana biyu zuwa uku kafin awo yana sauke kilo ɗaya ko fiye na ruwa, kuma ƴan wasa suna amfani da hakan. Sharaɗin shi ne a samu isasshen lokaci tsakanin awo da karawa, kamar in an auna yau a kara gobe, ya mayar da ruwa da gishiri, ya ci shinkafa ko fura kaɗan-kaɗan har dare. In abin da zai rage ya wuce kilo biyu zuwa uku, a fara tun wata biyu, rabin kilo a mako, ta hanyar rage mai da lemo da soye-soye. In bai kai shekara 18 ba, kada ya rage komi, ya shiga ajin da jikinsa ya kai shi.

Ina horar da ƙungiyar ƙwallon unguwa. Biyu daga cikin yarana sun shiga keto, kuma su ne ke fara tafiya da ƙafa bayan hutun rabin lokaci. Me zan gaya musu?
*Koci, Sabon Gari*

Malam, idonka ya riga ya ba ka amsa. Ɗan ƙwallo yakan ci kilomita 10 ko kusa a wasa, cike da zabura da tsayawa. Wani bincike a Denmak a 2006 ya gano cewa bayan wasa kusan rabin zaren tsokar cinya sun ƙare da gilaikojin ko sun kusa, kuma waɗannan masu cin sitaci ne. Ina ga wanda ya shiga da rumbu rabi?

Ka ba su tsari mai sauƙi. Jajibirin wasa, tuwo ko shinkafa a ƙoshi. Awa uku zuwa huɗu kafin wasa, abinci mai sitaci marar yawan mai da yaji. A hutun rabin lokaci, dabino biyar ko ayaba ɗaya, da ruwan da za ka haɗa da kanka: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sukari cokalin cin abinci 5, kamar giram 60 ke nan, gishiri rubu'in ƙaramin cokali, a matsa lemon tsami. Kada a ƙara sukari don daɗi. In ya wuce giram 80 a lita yakan zauna a ciki, yaro ya ji ruwa na kaɗawa yana gudu, wani har da murɗa. Bayan wasa, cikin awa ɗaya, fura da nono: sitaci, furotin da ruwa a ƙwarya guda, a ɗan bi da abu mai gishiri.

Azumi ba keto ba ne? Kuma gudu da safe ba a karya ba yana da amfani?
*Ɗalibi, jami'ar Maradi*

Ba ɗaya ba ne. Azumin awa goma sha uku zuwa sha huɗu yana rage sukarin hanta, amma na tsoka yana nan in ba a yi aiki mai ƙarfi ba, kuma buɗe-baki da sahur suna mayar da shi. A watan azumi ka ajiye atisaye mai nauyi sai bayan an sha ruwa da awa biyu, mai sauƙi kuma ya zama dab da magariba.

Tambayarka ta biyu ta fi kusa da abin da muke ganin ya dace da mai neman juriya. Sau ɗaya ko biyu a mako, ka fita bayan asuba da ruwa kawai, minti 45 zuwa 60, a saurin da za ka iya hira, ka dawo ka karya sosai. Wannan yana koya wa tsoka ƙona kitse ba tare da ƙofar sukari ta tsuke ba, tun da sauran kwanaki kana ci. Ranar gudun sauri ko hawan tudu kuwa, da abinci a ciki ake fita. Kuma ka sani, dogon gudu a hankali shi kansa yana ƙara wa jiki iya ƙona kitse, ko me mutum ke ci.

Shekaruna 58, ina da ciwon sukari, ina shan magani, kullum ina tattaki da yamma. Ɗiyata mai shekara 16 kuma tana gudun mita 1,500 a makaranta. Mu biyu muna son gwadawa.
*Alhaji, Ɗan Gulbi*

Ranka ya daɗe, a ware maganar gida biyu.

Kai, rage sitaci yana iya saukar da sukarin jini, wannan gaskiya ne, kuma nan ne haɗarin yake in magani bai canza ba. Mai yin allurar insulin ko mai shan glibenclamide da danginsa, in ya yanke tuwo ya ci gaba da adadin maganinsa ya kuma fita tattaki, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa da 70 a na'urar awo, ko 0.70 in da giram take nunawa: rawar jiki, gumi mai sanyi, ruɗewa, har suma. Akwai kuma magungunan da sunansu ke ƙarewa da gliflozin. Haɗa su da keto na iya sa keton ya taru har jini ya yi tsami ko da awon sukari bai hau ba. Keton ɗin mai keto lafiyayye yakan tsaya tsakanin 0.5 da 3 a awon keton, na wannan hali kuwa yana wuce haka nesa, da amai, ciwon ciki, ƙishirwa da numfashi mai zurfi da sauri, kuma aikin asibiti ne na gaggawa. Ka ɗauki kwalayen magungunanka ka kai wa likitanka, ku tsara ragin tare, a hankali, da awo safe da yamma. Rage malmala biyu zuwa ɗaya, cire sukari a shayi da ƙara ganye da wake sun isa mafari. In za ka fita tattaki, ƙwayar sukari uku ko dabino uku su kasance a aljihu.

Ita kuwa yarinya, a'a. Mita 1,500 tseren minti biyar ne ko kusa, kusan dukansa a kan sukari yake tafiya, don haka keto ba abin da zai ƙara mata sai jinkiri. Abin da ya fi wannan damunmu shi ne jikinta yana kan gini. Ƙashi yana tara yawancin ƙarfinsa ne kafin shekara ashirin, kuma yarinyar da ke gudu ba ta cin abin da ya ishe ta, al'adarta takan fara tsallake ko ta ɗauke, ƙashi ya yi rauni, ƙwauri ya fara tsagewa a hankali. Mahaifiyarta ta riƙa lura: in al'ada ta ɗauke wata uku, a kai ta asibiti, kada a ce ai gudu ne ya kawo. In tana saurin haki ko cikin fatar idonta ya yi fari, a auna jininta, domin ƙarancin jini ya yi yawa a ƴan mata masu gudu. A ba ta hanta sau ɗaya a mako, wake, zogale da nama, a matsa lemon tsami a abinci, shayi kuma a jinkirta shi awa ɗaya bayan cin abinci domin yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe. Mai juna biyu da mai shayarwa, da wanda ya taɓa yin tsakuwar ƙoda, su ma wannan tsari ba nasu ba ne.